Yadda Ake Kula da Taransifoma Mai Mai a Ciki: Daga Ranar Saye Zuwa Shekarun Aiki

Duk unguwar da taransifomarta ta taɓa ƙonewa ta san abin da ke biyo baya. Wata biyu, wata uku babu wuta, masu ƙanƙara sun tashi, mai injin niƙa ya koma sayen gas, dattawa suna bin gida-gida da littafin karo-karo. Idan ka tambayi yadda aka yi, amsar ɗaya ce: "Bugawa kawai ta yi cikin dare." Ni dai a cikin waɗanda na ga an buɗe, da wuya ka sami wadda ta mutu a dare ɗaya. Yawancinsu sun yi watanni suna nuna alama, babu wanda ya duba. Zafi ne, ko ruwa, ko wayar da aka ɗaura a madadin fis.

Na rubuta wannan ne domin kwamitocin wuta na unguwanni da masu ƙananan masana'antu, irin masu casar shinkafa da masu narka roba. Sai dai a fahimci abu ɗaya tun yanzu: aikinku shi ne kallo daga bayan shinge, rubutawa, da matsa wa masu aikin lamba su yi abin da ya dace. Taɓawa kuwa ta ma'aikacin da ke da izini ce, bayan an yanke wuta an kuma ɗaure layin da ƙasa. Wutar 11kV, wato volt dubu 11, ba ta jira sai ka taɓa ta, tana iya tsallako iska ta same ka.

Me ke cikin tankin

Abu uku ne. Akwai zuciyar ƙarfe da aka jera da siraran faranti, akwai kwil, wato naɗin wayar jan ƙarfe ko alminiyam da aka rufe da takarda, sai kuma man da ya lulluɓe su duka. Wutar da ta taso daga Kainji ko Shiroro tana tafiya a 330kV, a sauke ta zuwa 132kV, sannan 33kV, sannan 11kV, kafin ta iso taransifomar bakin layinku wadda ke mayar da ita 415V tsakanin fes da fes (fes su ne wayoyi uku masu wuta da ke fita daga cikinta), wato kusan 240V a soket ɗin ɗaki.

Man yana aiki biyu. Yana hana wuta tsallakawa tsakanin kwil da kwil, yana kuma ɗaukar zafi. Idan ya yi zafi sai ya tashi sama, ya gangara ta cikin fikafikan da ke jikin tankin, iska ta sanyaya shi, ya dawo ta ƙasa. Wannan ne ma'anar ONAN da ake gani a jikin farantin bayani: mai da iska suna zagayawa da kansu, babu famfo, babu fanka.

Takardar nan ita ce ran taransifoma. Mai idan ya lalace ana tace shi ko a canza shi, amma takarda idan ta tsufa ta bushe ta fara ɓarɓashi, sai dai a sake naɗin kwil gaba ɗaya. Duk matakan da ke tafe, kare wannan takardar ake yi.

Mataki na farko: lissafi kafin saye

A Najeriya, tun bayan sayar da kamfanonin rarraba wuta a 2013, samar da taransifoma da gyara ta nauyi ne da ke wuyan kamfanin yankinku, ko KEDCO ne, ko Kaduna Electric, ko JED, ko YEDC, kuma hukumar NERC mai kula da harkar wuta ta sha nanata haka. Idan har jama'a suka ga ba za su iya jira ba suka yanke shawarar saye da kuɗinsu, to a fara da yarjejeniya a rubuce da kamfanin, wadda ta fayyace yadda za a mayar musu da kuɗinsu da wanda gyara ke kansa. Kada a biya ko sisi kafin a sa hannu.

Daga nan sai girma. Ga lissafi mai sauƙi: ka ninka kVA, wato adadin girman taransifoma, da 1.39, zai ba ka amp, wato yawan wutar da kowane fes zai iya ɗauka a ɓangaren 415V. Mai 100kVA tana ɗaukar amp 139, mai 200 amp 278, mai 300 amp 417, mai 500 kuma kusan amp 695. A ƙirga gidaje, shaguna, masu walda, injinan niƙa da famfunan borhol, a kuma duba filayen da ake kan ginawa. Shawarata ita ce a zaɓi wadda lodin yau ba zai wuce kashi 70 cikin 100 na ƙarfinta ba. A unguwa mai tsawo kuma, ƙanana biyu a wurare daban sun fi babba ɗaya, domin waya mai nisa tana cinye wuta kafin ta kai gidan ƙarshe, kuma ranar da ɗaya ta sami matsala rabin unguwa na da haske.

A karanta farantin bayani da ido, kada a dogara da bakin dillali. A tabbatar da ƙarfin layin da ke wucewa ta wurin, 11kV ne ko 33kV, domin ba a musanya su. A Nijar layukan kamfanin wuta na NIGELEC na cikin gari galibi 20kV ne, don haka wadda aka ƙera wa Maraɗi ba za ta zauna a Katsina ba. A ga an rubuta 50Hz; 'yar gwanjon da aka yi wa ƙasa mai 60Hz irin Amurka za ta riƙa ɗaukar zafi da ruri ko da babu lodi a kanta. A ga Dyn11, wato tsarin haɗin kwil da aka saba da shi a nan. A nemi takardar gwajin masana'anta, a gwama lambar da ke kanta da wadda ke jikin tankin. Sabon fenti ba shaida ba ne. Na taɓa ganin tsohuwar da aka sake naɗa wa kwil da siririyar waya, aka fesa mata fenti, aka manna mata farantin 500kVA, kuma ba ta ga damina biyu ba. Nauyinta kaɗai da an auna aka gwama da abin da ke rubuce, da an gane.

Mataki na biyu: wurin zama

Dakalin siminti mai tsayin da ruwan damina ba zai kai ba, a daidaita shi kada ya karkata. A zuba tsakuwa a kewaye, domin tana hana ciyawa, kuma idan mai ya zuba yana nutsewa a cikinta maimakon ya kwanta a fili. A kewaye da shingen ƙarfe ko waya mai ƙofa da kwaɗo. Katangar bulo da ta rufe ko'ina kuskure ce da ake yawan yi don tsoron ɓarayi. Tana tare iskar da fikafikai ke buƙata. Kada a bar mai shayi, mai suya ko juji kusa da shingen.

Sai maganar at, wato haɗa ta da ƙasa. Jikin tankin, nutural (waya ta huɗu da wuta ke komawa ta cikinta), da na'urorin tare tsawa duk suna buƙatar hanya mai sauƙi zuwa ƙasa. Ƙasarmu ta Arewa tana bushewa ƙayau da rani, don haka at ɗin da aka auna a watan Agusta ya yi kyau yana iya zama banza a watan Maris. A haƙa da zurfi, a sa sanduna fiye da ɗaya, a auna da rani. Kada a yarda da awon da ya wuce om 5 (da om ake auna turjiyar hanyar wuta), in an samu ƙasa da haka ya fi.

Mataki na uku: gwaji kafin a ba ta wuta

Ranar da aka sauke ta mutane sukan ƙagu, yara sun taru, kowa na son ganin haske kafin magariba. A yi haƙuri. Girgizar hanya tana sa kumfar iska ta shiga cikin mai, kuma kumfa ɗaya a tsakanin kwil ta isa ta buɗe wa wuta hanya. A bar ta ta kwana ɗaya a zaune, a saki iskar da ta taru a saman bushin, wato tangaran ɗin da ke saman tanki inda ake ɗaura wayoyi.

Injiniya zai auna ƙarfin rufin kwil da na'urar awo da ake kira mega: ɓangaren babbar wuta zuwa ƙasa, ɓangaren ƙaramar wuta zuwa ƙasa, da tsakaninsu. Zai gwada rabon kwil a kowane matsayi na tap (makunnin da ke ɗan ɗaga ko rage ƙarfin wutar da take fitarwa), wanda bai kamata ya kauce wa abin da ke rubuce da fiye da rabin kashi ɗaya cikin 100 ba. Zai kuma gwada man. A Najeriya hukumar NEMSA ce ke duba sabon aiki ta ba da takardar shaida kafin a haɗa shi da layi. Ku karɓi kwafin duk waɗannan sakamakon ku ajiye, domin da su za a riƙa gwama duk awon da za a yi nan gaba. Bayan an ba ta wuta, a bar ta sa'o'i babu lodi ana sauraron ƙararta, sannan a riƙa ɗora layuka ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na huɗu: lodi da fis

A nan ne mafi yawan taransifomominmu ke mutuwa, don haka zan ɗan tsaya.

Ƙa'idar IEC 60076 da ake ƙera su a kai ta ɗauka cewa zafin gari ba zai wuce digiri 40 ba, kuma matsakaicinsa a shekara digiri 20 ne. A bisa wannan lissafi, wuri mafi zafi a cikin kwil yana zama a digiri 98, kuma takarda tana tsufa a hankali yadda aka tsara. Duk ƙarin digiri 6 a kan haka yana ninka saurin tsufan sau biyu. A digiri 104 ninki biyu, a 110 ninki huɗu, a 116 ninki takwas. To ka tuna Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, inda zafi ke haura 40 da rana, kwano da siminti na fitar da tururi har tsakar dare, kowane gida ya kunna fanka da firji da na'urar sanyaya ɗaki. Dare ɗaya na irin wannan yana iya cin ran da ya kamata ya yi mako guda. Shi ya sa a bazara nake ganin kada a bar ta ta wuce kashi 80 na ƙarfinta.

Ga kuma matsalar da ta fi wannan ɓoyuwa. Idan fes ɗaya ya ɗauke ko ya yi rauni, kowa sai ya kira yaro mai tsani ya mayar masa da wayarsa kan wanda ke da wuta, kuma babu mai komawa bayan an gyara. A hankali rabin unguwa ya taru a kan fes ɗaya. Ɗauki misalin taransifoma mai 300kVA da aka auna da dare aka sami amp 460 a fes ja, 310 a rawaya, 250 a shuɗi. Idan ka haɗa ka raba uku, amp 340 ne, sai a ce ai ba ta cika ba. Amma kwil ɗin ja ya wuce iyakarsa ta 417, yana dahuwa shi kaɗai, nutural kuma yana ɗauke da wutar da bai kamata ba. Ranar da nutural ɗin ya tsinke, wasu gidaje za su ga wuta ta yi ƙasa, wasu kuma ta haura ta ƙone musu talabijin da caja.

Maganin ba shi da tsada. Ma'aikaci ya zo da mita mai kama waya tsakanin ƙarfe 7 zuwa 10 na dare, lokacin da lodi ya fi yawa, ya auna fes uku da nutural a fida fila, wato akwatin ƙarfen da layukan unguwa ke rabuwa daga cikinsa. A rubuta. A mayar da gidaje daga fes mai nauyi zuwa mara nauyi har bambancin ya dawo kusan kashi 10. A maimaita duk wata uku, da kuma farkon bazara. Masu walda da manyan injina a raba su, kada su taru a layi ɗaya.

Fis kuma an yi shi ne domin ya ƙone. Idan yana yawan tsinkewa, yana faɗa muku cewa lodi ya yi yawa ko wayoyi na haɗuwa a wani wuri. Abin da ake yi a wurare da yawa shi ne a murɗa wayar jan ƙarfe mai kauri a sa a gurbinsa, wuta ta zauna, a yi ta sa wa mai gyara albarka. Daga ranar, kwil ɗin taransifoma ne ya zama fis. Haka ma a sama: mai 300kVA a kan 11kV amp 16 kacal take ja, don haka fis ɗin da ke kan falwaya siriri ne da gangan. Kada kwamiti ya yarda a sa komai sai fis na gaskiya mai girman da ya dace, kuma a sayi na ajiya tun kafin a buƙata.

Mataki na biyar: duban wata-wata daga bayan shinge

Wannan kowa zai iya. Mutum ɗaya, littafi ɗaya, minti goma.

A duba gilashin da ke nuna yawan mai a jikin ƙaramin tankin sama. Mai yana kumbura da zafi ya koma da sanyi, don haka a riƙa dubawa a lokaci ɗaya, da safe ya fi. Idan yana raguwa wata bayan wata, akwai yoyo ko akwai mai zuƙa. A duba jikin tanki, gindin bushin da bakin fikafikai. Duk inda ƙura ta manne ta yi baƙi, mai ne ke tsattsafowa. Inda mai ya fita kuwa, ruwa zai shiga.

A duba kwalbar numfashi. Taransifoma tana shaƙar iska duk lokacin da ta huce, kuma iskar tana bi ta cikin ƙwayoyin silika da ke tsotse danshi. Shuɗi yana komawa ruwan hoda idan ya ƙoshi da ruwa, mai ruwan lemo kuma yana komawa kore ko fari. Idan kashi biyu cikin uku ya canza launi, a sa ma'aikaci ya canza shi. Ɗan kofin da ke ƙasan kwalbar ya kasance da mai a ciki, shi ke tare ƙura. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne in ga na'urar miliyoyin naira tana shan danshin Agusta kai tsaye saboda kwalbar da ta fashe shekara biyu da suka wuce, alhali kuɗin sabuwa bai taka kara ya karya ba. Irin waɗanda aka rufe ruf, masu jiki kamar kwanon rufi, ba su da wannan kwalba, kuma ba a buɗe su haka kawai.

A saurara. Ruri mai laushi mara yankewa lafiya ne. Ƙara kamar ana soya wani abu, ko tsartsatsi, ko warin ƙuna, a kira ma'aikata nan take. Bayan hunturu a nemi a yanke wuta a goge ƙurar da ta taru a kan bushin, domin yayyafin farko yana mayar da ita laka mai ɗaukar wuta. A ranar ne kuma za a ƙara ɗaure notunan waya. Haɗin da ya yi sako-sako yana zafi har ya narka robar gindin bushin.

Mataki na shida: gwajin mai

Sau ɗaya a shekara, kuma ni na fi son ƙarshen damina. Yadda likita ke ɗibar jini ya gane abin da ke ciki, haka mai yake ga taransifoma.

Ɗibar ma tana da ƙa'ida. A ranar da babu ruwa babu ƙura, a goge bakin famfon ƙasa, a fara zubar da lita ɗaya ko biyu a wani mazubi, sannan a ɗauraye kwalbar gilashi busasshiya da man, a cika ta har baki, a rufe. A rubuta kwanan wata da zafin man a jikinta. Robar ruwan sha ko galan ɗin man gyaɗa suna ɓata sakamako.

Gwajin farko shi ne na ƙarfin jure wuta. Ana zuba man a tsakanin ƙarafa biyu masu tazarar milimita 2.5, a riƙa ƙara wuta har ta tsallaka, a maimaita sau shida a ɗauki matsakaici. Ga taransifomar unguwa, sama da 40kV lafiya, tsakanin 30 da 40 a fara shirin tacewa, ƙasa da 30 kuwa a ɗauki mataki ba tare da jinkiri ba. Sabon mai da aka tace da kyau yana kaiwa 70kV. Sai gwajin danshi da na tsami. Man da ya yi duhu ya yi tsami yana zubar da dattin da ke toshe hanyoyin sanyaya kwil.

A nan akwai abin da masu tacewa ba su cika faɗa ba. Kusan duk ruwan da ke cikin taransifoma a jikin takarda yake, ɗan kaɗan ne ke cikin mai. Idan aka tace na awa biyu aka tafi, sakamako zai yi kyau a ranar, bayan makonni kuma takarda ta sake sakin ruwanta. Tacewa ta gaskiya ana yin ta da zafi da injin zuƙe iska, man ya zagaya sau da yawa, sannan a sake gwaji bayan wata ɗaya ko biyu.

Masu masana'anta da ke da manya, daga 1,000kVA zuwa sama, su ƙara da gwajin iskar da ta narke a cikin mai. Kowace cuta tana da irin iskar da take haifarwa: haidirojin na nuna ƙananan tartsatsi, etilin na nuna zafi mai tsanani, kabon monoksaid na nuna takarda na ƙuna, asetilin kuma na nuna wuta na tsallakawa a ciki. Ganin asetilin ko kaɗan ne ba abin wasa ba ne.

Idan za a ƙara mai, ya zama sabon man taransifoma mai ƙa'idar IEC 60296, daga duro rufaffe, a gwada shi kafin a zuba. Ba baƙin mai ba, ba man da aka saya a jarka a bakin hanya ba.

Game da tap: idan wuta na zuwa da rauni, akan ce a ɗaga shi. Yawanci matsayi biyar ne, kowanne na canza kashi 2.5. Ba a juya shi sai an yanke wuta gaba ɗaya, kuma a tuna cewa wutar da aka ɗaga saboda raunin ƙarfe 8 na dare za ta haura da asuba idan lodi ya sauka. Sau da yawa raunin daga lodi ne ko siririyar waya, kuma tap ba ya maganin wannan.

Ranar da ta buga

Idan fis ɗin sama ya faɗi tare da ƙara, ko mai ya yi feshi, ko na'urar Buchholz da ke tsakanin babban tanki da ƙaramin ta yanke wuta, kada a sake haɗawa "a gwada a gani". Haɗawa a kan rauni tana mayar da gyaran kwil ɗaya zuwa asarar uku, wani lokaci har da gobara. A auna da mega, a gwada rabon kwil, a ɗebi mai. Idan gobara ta tashi, a kori jama'a nesa, a kira kamfani ya yanke layi, a kira 'yan kwana-kwana. Ba a watsa ruwa.

Man da aka fitar kuma a mayar da shi duro a rufe a miƙa wa masu aikin. Tsofaffin taransifomomi, musamman na kafin shekarun 1980, wasunsu na ɗauke da sinadarin PCB, wanda ke taruwa a jiki yana haddasa ciwon daji, kuma yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta sa a daina amfani da shi. Injin tacewa da aka yi amfani da shi a kan tsohuwa yana iya kai shi cikin sabuwa, don haka a tambayi mai tacewa inda injinsa ya fito. Ido ba ya bambanta mai PCB da mara shi, sai ɗakin gwaji. Kada a shafa shi a gwiwa don sanyin ƙashi, kada a zuba shi a kwata, kada a bari ya kusanci kaskon suya. Idan kuka ga famfon ƙasa a jiƙe da safe alhali jiya a bushe yake, a duba gilashin mai kafin a dawo da wuta, a kuma sa a yi wa famfon akwatin ƙarfe mai kwaɗo a ranar.